Abinci da Warkewar Karayar Cinya a Jikin Yara

Gabatarwa

A ɗauki misalin yara biyu, kowannensu ɗan shekara 6, waɗanda aka kwantar a ɗaki ɗaya na asibitin ƙashi cikin mako ɗaya. Na farko ya faɗo ne daga bishiyar mangwaro, na biyu kuwa daga kan katanga. Dukkansu ƙashin cinya ne ya karye a tsakiya, likita ɗaya ya duba su, kuma aiki iri ɗaya aka yi musu. Bayan mako shida aka sake ɗaukar hoton ƙafafunsu. A hoton yaro na farko an ga farin ƙullutu ya lulluɓe wurin karayar, har likita ya yarda ya fara dogara ƙafa. A hoton na biyu kuwa bakin karayar yana nan a fili, in ban da ɗan hazo-hazo a gefensa, sai likita ya ce a ƙara masa makonni a kwance. Wannan ƙari ba ƙaramin abu ba ne ga iyalinsa. Kuɗin jinya zai ƙaru, uwa za ta ci gaba da zaman asibiti ta bar sauran 'ya'yanta a gida, shi kuma yaron zangon karatu guda zai wuce shi.

Abubuwa da dama na iya jawo irin wannan bambanci, amma akwai ɗaya da aka fi mantawa da shi, wato abin da yaron yake ci tun kafin ya karye da kuma lokacin jinya. Likita ko maɗori ba shi ne ke haɗa ƙashi ba. Iyakar aikinsa ya daidaita guntayen, ya hana su motsi. Jiki ne da kansa ke yin ginin, kuma ba shi da inda zai samo kayan gini sai daga kwanon abinci. Wannan darasi zai bayyana ƙirar ƙashin cinya, da matakan haɗewarsa, da sinadaran da kowane mataki ke bukata, da kuma inda abincin yau da kullum na ƙasar Hausa ya gaza ko ya wadatar.

Ƙashin Cinya da Ƙirarsa

Cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, ƙashin cinya ne mafi tsawo da ƙarfi. Ya tashi daga ƙugu ya dire a gwiwa, tsawonsa kuwa ya kai kimanin rubu'in tsayin mutum. Manyan tsokoki ne ke kewaye da shi. Idan ya karye, tsokokin nan sukan ja guntayen biyu su hau juna, sai a ga ƙafar ta gajarce ta kuma juya waje. Jini mai yawa kan zuba a cikin cinyar ba tare da an gan shi ba. A jikin babban mutum yakan kai lita ɗaya ko fiye.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi mataccen abu ne kamar dutse, domin wanda suka saba gani shi ne busasshe da aka yar bayan an ci nama. Na jikin mai rai kuwa yana da jijiyoyin jini, da ɓargo, da ƙwayoyin halitta masu aiki dare da rana. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi. Na farko wani furotin ne mai kamar zare da ake kira kolajin. Na biyu ma'adini ne na kalsiyam da fosfaras, wanda ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashin. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya yi tubali zai gane wannan haɗi. Ƙasar ce ke ba da tauri, ciyawar kuma ita ke riƙe tubalin kada ya tsage. To, ma'adini shi ne ƙasar, kolajin shi ne ciyawar.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke kula da wannan gini. Akwai ƙwayoyin gini, waɗanda masana ke kira ostiyobilas, masu saƙa kolajin su shirya shi don ma'adini ya zauna a kansa. Akwai kuma ƙwayoyin rusau, wato ostiyokilas, masu narkar da tsohon ƙashi. Ƙashin yaro ya bambanta da na babba ta fuska biyu. Tantanin da ke lulluɓe da shi yana da kauri, cike yake da jijiyoyin jini da ƙwayoyin gini. Haka kuma a kusa da kowane ƙarshensa akwai faifan guringuntsi, inda tsawo ke ƙaruwa. Waɗannan ne suka sa ƙashin yaro ke riga na babba haɗewa.

Yadda Karaya ke Haɗewa

Haɗewar karaya tana bin matakai huɗu, kowanne yana shiga cikin na gabansa.

Mataki na farko shi ne na gudan jini da kumburi. Jinin da ya zuba yakan daskare tsakanin guntayen, fararen ƙwayoyin jini su zo su kwashe matattun tsoka da ɓurɓushin ƙashi. Wannan yakan ɗauki 'yan kwanaki. Gudan jinin nan ba ƙazanta ba ne. A cikinsa ne sinadaran da ke kiran ƙwayoyin gini suke.

Mataki na biyu shi ne na ƙullutu mai laushi. Sababbin jijiyoyin jini sukan kutsa cikin gudan, ƙwayoyin halitta su saƙa kolajin da guringuntsi, har a sami wata gada mai laushi tsakanin guntayen biyu. A nan zafi ke fara raguwa, amma gadar ba ta isa ɗaukar nauyi ba.

Mataki na uku shi ne na ƙullutu mai tauri. Kalsiyam da fosfaras sukan zauna a kan saƙar, guringuntsi ya koma ƙashi. Wannan ne farin ƙullutun da ake gani a hoto.

Mataki na huɗu shi ne na gyaran fasali. Ƙwayoyin rusau sukan sassaƙe ƙullutun, ƙwayoyin gini su ƙarfafa inda nauyi ke bi, har ƙashin ya koma kusan yadda yake. Wannan yakan ɗauki watanni ko shekaru.

Tsawon lokacin ya danganta da shekaru. Cinyar jariri takan haɗe cikin mako uku zuwa huɗu, ta ɗan shekara 5 kimanin mako shida, ta matashi kimanin wata uku, ta babba kuwa takan kai wata huɗu ko fiye. Wani abin mamaki shi ne, a yaran da ke tsakanin shekara 2 zuwa 10, yawan jinin da ke kwarara wurin karaya yakan zaburar da faifan guringuntsi, har ƙafar da ta karye ta ƙara tsawon kimanin santimita ɗaya fiye da yadda za ta yi. Shi ya sa likitoci ba sa damuwa idan guntayen sun ɗan hau juna kaɗan a waɗannan shekaru.

Idan Ɗori Ya Ƙi

Matsalar haɗewa iri uku ce. Akwai jinkiri, inda ƙashi ke haɗewa amma ya wuce lokacin da aka saba. Akwai ƙin haɗewa, inda aikin ya tsaya cak, wurin ya riƙa motsi kamar wata sabuwar gaɓa. Akwai kuma haɗewa a karkace, wanda ke barin yaro da ɗingishi ko gajeriyar ƙafa. Jikin ƙaramin yaro yana iya miƙar da ɗan lanƙwasa a hankali yayin da yake girma, amma idan ƙashin ya haɗe a murɗe, da wuya ya warware.

Ƙin haɗewa ɗungurungum abu ne mai wuyar samu a jikin yara. Idan ya faru, galibi akwai babban dalili: ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi ta raunin da ya buɗe, ko guntayen suna ta motsi, ko jijiyoyin jini sun lalace, ko kuma akwai wata cuta a jiki, kamar amosanin jini ko raunin ƙashi na gado. Ƙarancin abinci ya fi jawo jinkiri, da ƙullutu maras ƙarfi wanda ke lanƙwashewa ko ya sake karyewa bayan an kwance ɗauri. Yana kuma raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su sami shiga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Adadin yaran da wannan ya shafa ba kaɗan ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci, a yankin Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Binciken ya kuma sami ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ke nan yara da yawa suna isowa asibitin ƙashi ne da rumbun jikinsu a wofi tun kafin a fara gini.

Furotin: Zaren Saƙa

A farkon shekarun 1930 wani masani mai suna David Cuthbertson ya yi nazarin masu karayar dogayen ƙasusuwa a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland. Ya auna abin da suke ci da abin da ke fita a fitsarinsu, sai ya tarar bayan karaya jiki yana zubar da sinadarin naitirojin mai yawa, fiye da abin da kwanciya kaɗai za ta jawo. Tun da naitirojin daga furotin yake fitowa, wannan ya nuna jikin majinyaci yana narkar da tsokokinsa ne don ya sami kayan aiki da kuzari. Yaro mai ƙoshi yana da abin da zai bayar. Wanda ya rame kuwa ba shi da shi.

Yaro ɗan makaranta yana bukatar kimanin giram ɗaya na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, bukatar kuma takan ƙaru bayan rauni. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna waɗanda aka rage wa furotin sukan yi ƙullutun da ba shi da ƙarfi. Dole ne kuma abinci mai ba da kuzari, wato hatsi da mai, ya wadata, in ba haka ba jiki zai ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi.

Bitamin C: Darasi Daga Teku

A shekarar 1740 wani jagoran sojan ruwa na Ingila, George Anson, ya tashi da jiragen yaƙi don kewaya duniya, bai dawo ba sai 1744. Mafi yawan mutanensa sun mutu a hanya, galibi saboda wata cuta da ake kira sikabi, mai kama waɗanda suka daɗe ba su ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba. Labarin tafiyar da aka buga a 1748 ya ambaci wani abu mai ban tsoro: raunukan da suka warke shekaru da yawa sun sake buɗewa, kuma an sami wanda tsohuwar karayarsa ta warware kamar ba a taɓa ɗora ta ba. A shekarar 1747 likita James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan matuƙa 12 masu wannan cuta, ya ga waɗanda aka ba lemon zaƙi da na tsami ne suka farfaɗo.

Sai a ƙarni na 20 aka gano dalili. Ba a iya murɗa zaren kolajin ya yi ƙarfi sai da bitamin C. Tun da kullum jiki yana rushe tsohon kolajin ya saƙa sabo, idan bitamin ɗin ya yanke sai rusau ya ci gaba, gini ya tsaya. Jikin ɗan Adam ba ya yin bitamin C, ba ya kuma ajiye shi da yawa. Doguwar dahuwa tana lalata shi, haka ma kanwa da shanya ganye a rana. Ana samunsa a gwaiba, wadda ta fi lemo yawansa, da lemo, da mangwaro, da gwanda, da garin 'ya'yan kuka, da ɗanyen tumatir da tattasai.

Kalsiyam da Bitamin D: Darasi Daga Jos

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage a jini shi zuciya da tsokoki da jijiyoyi ke aiki da shi, don haka jiki ba ya yarda ya ragu. Idan abinci bai kawo isasshe ba, wasu 'yan ƙananan halittu guda huɗu da ke cikin wuya sukan saki sinadarin da ke umartar ƙwayoyin rusau su ɗebo kalsiyam daga ƙashi. Shi kuwa bitamin D, shi ne ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Fata ce ke yin sa idan hasken rana ya taɓa ta, sa'an nan hanta da ƙoda su ƙarasa sarrafa shi.

Idan ɗayan biyun nan ya yi ƙaranci, yaro kan kamu da ciwon laushin ƙashi, wanda ake ganewa da gwame ko ƙafar baka, da kumburin wuyan hannu, da ƙulle-ƙulle a haƙarƙari. A ƙasashen Turai an san wannan ciwo da ƙarancin rana. To, me ya sa ake samunsa a ƙasar da rana ke dukan mutane kusan duk shekara? A shekarar 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan yara 123 masu wannan ciwo. Sun raba su gida uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun. Bayan mako 24, kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sami kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun kai matakin warkewar da aka ɗiba, amma cikin waɗanda suka sami bitamin D kaɗai kashi 19 ne suka kai. An kuma gano abincin yaran kimanin miligiram 200 na kalsiyam kawai yake ba su a rana, kuma takwarorinsu da ba su da ciwon ma kusan haka suke samu.

A kwatanta wannan da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka fitar a 2004: miligiram 500 a rana ga 'yan shekara 1 zuwa 3, da 600 ga 'yan 4 zuwa 6, da 700 ga 'yan 7 zuwa 9, da 1,300 ga 'yan 10 zuwa 18. Binciken Jos a kan laushin ƙashi aka yi shi, amma aikin zaunar da ma'adini a kan kolajin iri ɗaya ne, ko a faifan girma ko a ƙullutun ɗori. Yaron da kalsiyam bai ishe shi girman yau da kullum ba, da me zai taurara ƙullutu? A shekarar 2016 masana na ƙasashe da dama suka yi ittifaƙi cewa ana maganin laushin ƙashi ne da kalsiyam da bitamin D tare.

Akwai sauran sinadarai masu taimakawa. Zinki yana shiga aikin rabuwar ƙwayoyin halitta da zaunar da ma'adini. Sinadarin ƙarfe shi ke ba jini ikon kai iskar shaƙa wurin gini, kuma yaron da ya zubar da jini a cinya yana bukatar ya mayar. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da gudawa duk suna wawashe waɗannan sinadarai, don haka maganinsu yana cikin maganin karaya.

Abin da Tuwo Ya Rasa

Gero da dawa da masara abinci ne masu ba da kuzari, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Giram 100 na kowannensu bai kai miligiram 50 ba. Ban da haka, a cikin dusarsu akwai wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke kama kalsiyam da zinki da sinadarin ƙarfe a cikin hanji ya hana jiki tsotsarsu. Yaron da ya sha koko da safe, ya ci ɗumame da rana, ya ci tuwo da miya tsululu da dare, cikinsa ya cika, amma ƙashinsa da yunwa ya kwana.

Maganin wannan yana cikin gida da kasuwar ƙauye. Jiƙa hatsi, da tsima gasara, da barin hatsi ya tsiro kafin a niƙa, duk suna rage fayitet. Kofi ɗaya na madara, ko nonon da ba a tsinka da ruwa ba, yana da kimanin miligiram 300 na kalsiyam, kuma cire man shanu ba ya tafiya da shi. Busasshen ganyen kuka da na zogale suna da fiye da miligiram 1,000 a cikin giram 100, ko da yake 'yan cokula ake zubawa a miya, kuma jiki bai cika tsotsarsa kamar na madara ba. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ta ninka gero yawan kalsiyam sau da yawa. Riɗi ma yana da shi. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa da ƙayarsu suna ba da kalsiyam da furotin a lokaci guda. Masu binciken Jos sun gwada garin kifi a kan yara masu laushin ƙashi, suka ga yana warkarwa, kamar yadda suka bayyana a 2015.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a gyara. Na farko, mutane kan dage da ba mai karaya romon ƙashi da zaton ƙarfin ƙashin zai narke a ciki. Romo yana da daɗi, yana kuma buɗe ciki, amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin ruwansa kaɗan ne ƙwarai. Naman da ke ciki ya fi amfani. Na biyu, camfin nan na hana yara ƙwai wai kada su koyi sata ba shi da tushe, illa dai ya raba su da furotin mai inganci da araha.

Abincin Ɗan Jinya

Yaron da ke kwance cikin ciwo ba ya son cin abinci, don haka gara a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. A ware masa kwanonsa, domin a kwanon taraiya mai hanzari ne ke ƙoshi, kuma ba a iya sanin abin da majinyaci ya ci. Ga misalin tsarin yini ɗaya: da safe kunun gyaɗa ko koko da madara, tare da ƙosai ko dafaffen ƙwai, da hantsi gwaiba ko lemo, da rana shinkafa da wake ko ɗanwake, da kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da ɗanyen tumatir, da la'asar fura da nono ko awara, da dare tuwo da miyar kuka mai kauri wadda aka zuba wa daddawa da garin kifi. A tabbata an tafasa madarar da aka yi nonon da ita, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A yawaita ba shi ruwa mai tsabta, domin doguwar kwanciya tana busar da ciki. Idan likita ya yarda, a riƙa fitar da shi ya sha rana, domin hasken da ya ratso gilashin taga ba ya sa fata yin bitamin D. Jariri mai shan mama kuwa a ci gaba da shayar da shi, uwar ma a kyautata abincinta.

Yaron da tamowa ta riga ta kama, wato wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ɗan wata 6 zuwa 59 da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ba a ɗura masa abinci haka kawai. Ma'aikatan lafiya suna da madara ta musamman da abincin tamowa da suke ba shi bisa tsari. Haka nan ba a sayen ƙwayoyin bitamin barkatai. Yaron da abincinsa ya wadata, ƙari ba zai gaggauta masa haɗewa ba, kuma yawan bitamin D ko bitamin A guba ne.

Abinci Ba Ya Maye Gurbin Ɗori

Komai kyan abinci, ƙashin da ba a daidaita ba zai haɗe ne a karkace. A asibiti akan zaɓi hanya bisa shekarun yaro: jarirai akan sa musu ɗamara mai laushi ko a rataye ƙafafunsu, ƙananan yara akan yi musu ɗaurin filasta mai tauri daga ciki zuwa ƙafa, 'yan firamare kuwa sau da yawa akan zura musu siraran ƙarafa masu lanƙwasuwa a ramin ɓargo, dabarar da likitocin birnin Nansi na Faransa suka yaɗa. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa, suna yin irin waɗannan ayyuka.

Ɗorin gargajiya sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa, amma karayar cinya tana bukatar hoto, tana kuma iya zuwa da zubar jini na ɓoye. Babban haɗari shi ne ɗaurin karare da ya matse ƙafa mai kumburi, ya datse jini. Cikin 'yan sa'o'i tsoka kan fara mutuwa, wani lokaci har ta kai ga yanke ƙafa. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ko zafi ya tsananta, ko aka ji wari ko zazzaɓi ya taso, a garzaya asibiti nan take. Haka kuma, idan cinyar yaro ta karye da ɗan ƙaramin tuntuɓe, ko aka ga karaya a jaririn da bai fara tafiya ba, wajibi ne likita ya binciki dalili.

Gwaji a Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai sassa biyu na ƙashi da kayan da ba su da tsada. A samo ƙashin cinyar kaza guda biyu, a wanke su tas. A jiƙa ɗaya cikin kwalba mai binega, wato ruwan kal, har mako guda, ana sauya ruwan bayan kwana biyu-biyu. Ɗayan kuma malami ya ɗora shi a kan garwashi har ya yi fari. Wanda aka jiƙa zai riƙa lanƙwasuwa kamar roba, domin tsami ya narkar da ma'adininsa ya bar kolajin. Wanda aka ƙona kuwa zai marmashe da an matsa shi, domin wuta ta cinye kolajin ta bar ma'adini. Na farko yana kwatanta ƙullutun da ya rasa kalsiyam, na biyu kuma ƙashin da ya rasa ingantaccen kolajin.

Kammalawa

Bahaushe ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yaro na farko a misalin da aka fara da shi ya shiga asibiti ne da ajiyar furotin da kalsiyam da jini, na biyu kuwa sai da jikinsa ya fara biyan tsohon bashi kafin ya juyo kan karaya. Ana tara wannan ajiya ne tun daga goyo, musamman kuma a shekarun balaga, lokacin da ƙashi ke ɗibar kalsiyam fiye da kowane lokaci. Ɗaliban sakandare suna cikin waɗannan shekaru, kuma su ne yayyen ƙananan yaran da ke gida. Ɗalibin da ya san amfanin kofin nono, da cokalin garin kifi a miya, da gwaiba ɗaya bayan abinci, ya kuma san alamun ɗaurin da ya matse, zai iya tsirar da ƙafar ƙaninsa.

Tambayoyi Don Nazari

1. Kawo matakai huɗu na haɗewar karaya, tare da sinadarin abincin da mataki na biyu da na uku suka fi bukata.
2. Me ya sa tsohuwar karaya ta warware a jikin matuƙin da ya kamu da sikabi?
3. Wane darasi binciken Jos na 1999 ya koyar game da ciwon laushin ƙashi a ƙasa mai yawan rana?
4. Rubuta duk abin da wani yaro a gidanku ya ci cikin yini ɗaya, sa'an nan ka nuna waɗanne ne ke ba da furotin, da kalsiyam, da bitamin C, da kuma abin da za a ƙara ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.